Furfurar da Na Shanya a Rana

Al Wukair, Doha
Ranar Laraba, bayan sallar azahar

Zuwa ga 'yata Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa kin huta gajiyar hanya, Ya tsare ki a Zariya kamar yadda Ya tsare ki a gabanmu. Ki gaishe mini da Gwaggonki Asabe da mutanen gidanta baki ɗaya.

Labarin gida Abbanki zai ba ki ta waya. Ni laifi zan faɗa miki. Ni na kashe furfurarki, ba ke ba. Shekara uku ke nan kina ɗauke da laifin da ba naki ba ne, ina gani, ban ce uffan ba. Zan faro miki daga farko, har da abin da kika riga kika sani, domin wanda zai amsa laifinsa bai kamata ya zaɓi inda zai tsallake ba.

Kina da shekara goma sha biyar, lokacin sanyi, muka je kasuwar furanni tare da Abbanki. Mutane suna ta sayen wardi da sauran masu launi, ke kuwa kika tsaya gaban wani abu mai launin toka da aka rataye a ƙugiya, kamar zaren da ya cukurkuɗe. Ba shi da tukunya, ba shi da ƙasa, ba shi da saiwa. Mai sayarwa ya ce sunansa Sifanish mos, daga ƙasashe masu laima na nahiyar Amurka yake, a can a kan rassan manyan itatuwa yake rataya, da iska da raɓa yake rayuwa. Abbanki ya duba ya ce, “Wannan ai gemun Baffa ne aka aske aka kawo kasuwa.” Kika yi dariya har kina riƙe ciki, kuma tun daga ranar muke kiranta furfura. Ni abin da na ce shi ne, ciyawar da ba a ci, ba a sha, ba ta inuwa, ban ga dalilin kawo ta gida ba. Abbanki ya saya miki duk da haka.

Wata shida kina kula da ita. Da sanyi kin rataye ta a reshen kurnar da ke tsakar gidanmu, da zafi ya fara kika shigo da ita falo. Ta ƙaru, ta yi sabbin silaye masu laushi. Ina ganin duk wannan ta gefen ido, ban taɓa yaba miki ba.

Da aka yi hutun makaranta za ki tafi wurin Gwaggonki na mako shida, kika manna mini takarda a jikin firji. Har yanzu tana wurina, ga abin da kika rubuta: “Umma, don Allah kada a fitar da ita waje sai sanyi ya shigo. A bar ta a gefen tagar gabas, bayan farin labulen nan mai shara-shara. Haske take so, ba rana ba. Kada iskar esi mai sanyaya ɗaki ta riƙa bugun ta. A fesa mata ruwa da safe. Ranar Juma'a a tsoma ta cikin kwano na ɗan lokaci, a girgiza, a rataye ta ta bushe. Na gode, Umma.”

Na karanta, raina ya ɓaci. Ni 'yar manomi ce. A gonar mahaifina da ke bayan Malumfashi na tashi, na san gero, na san dawa, na san auduga, na kuma san duk shukar da ta faɗa inuwar bishiya ramewa take yi ta yi rawaya. Sai ga yarinyar da aka haifa a asibitin Doha, wadda ba ta taɓa riƙe fartanya ba, tana rubuta mini yadda ake kula da tsiro. Na dubi launin tokar nan na ce a raina ciwo ne, rashin rana ne ya hana ta yin kore. Na ƙudurta zan gyara miki ita, ki dawo ki same ta kore shar, ki san cewa akwai abin da ba a koyo a waya.

A cikin watan Yuli na ɗauke ta na shanya a igiyar shanya, tsakiyar gida, inda babu ko inuwar bango. Kin san ranar Yuli a garin nan, wadda mayafi jiƙaƙƙe yake bushewa kafin mutum ya idar da raka'a huɗu. Ba mantuwa na yi ba, kada ki nema mini wannan uzurin. Kwana uku a jere ina fitar da ita da hantsi, ina shigo da ita bayan la'asar. A rana ta uku na kama ta zan sauke, sai bakin silayen ya marmashe a hannuna kamar ƙaiƙayi. Tokar nan mai sheƙi ta koma launin busasshiyar kaba.

Ga nasihata ta farko. Idan aka ba ki amana tare da sharaɗi, sharaɗin yana cikin amanar. Ba ki da ikon karɓar ɗaya ki ajiye ɗaya. In kin ga sharaɗin bai yi miki ba, ki faɗa tun mai abu yana tsaye a gabanki, ko ki ce ba za ki iya ba. Kuma ki yi hattara da ilimin da kika zo da shi daga wani wuri. Abin da na sani game da gero gaskiya ne, amma gaskiyar gero ce. Za ki shiga cikin mutanen da ba a Doha suka tashi ba, za ki ga suna yin abubuwa ba yadda kika saba ba. Kafin ki gyara wa kowa, ki tambayi dalilinsa.

Da na ga ɓarnar da na yi, da na tsaya nan, wataƙila da cikinta ya tsira, domin silayen tsakiya ba su gama ƙonewa ba. Amma tsoro ya kama ni, kuma mai tsoro ba ya iya barin hannunsa wuri ɗaya. Na ce a raina yunwa ce ta raunana ta, abin da ba shi da ƙasa ta ina zai sami ƙarfi? Na samo tukunya, na cika da ƙasa da taki, na cusa rabinta a ciki, na kwarara ruwa, na kai ta ɗakin ajiya inda ko taga babu, wai ta huta da rana. Mako guda ta yi a can. Da na je dubawa wari ne ya fara tarbe ni. Rabin da na binne ya yi baƙi ya narke. Abin da rana ta rage, ruwa da duhu suka ƙarasa.

A duk kwanakin nan kullum sai kin kira ni. Kullum sai kin ce, “Umma, ya furfurata?” Ni kuma in ce, “Tana nan.” Da na buɗe baki a rana ta uku na ce na yi kuskure, me zan yi, da kin gaya mini in jiƙa ta in mayar da ita bayan labule in ƙyale ta. Kalma goma ce. Girman kai ya hana ni tambayar 'yata.

Saboda haka, idan kin yi ɓarna, ki janye hannunki tukuna. Gyaran da aka yi a ɓoye cikin gaggawa, don kada a gani, ya fi ɓarnar farko muni. Ki je wurin wanda ya sani, ko da ƙanƙane ne a kanki, ki faɗi abin da kika yi yadda kika yi shi. Karatun da za ki yi na magunguna ne, inda kuskuren da aka rufe yana iya zama ran mutum. Ranar da kika auna ba daidai ba, ki faɗa a take, ko da za a yi miki faɗa a gaban jama'a.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake yi mini nauyi. Ana gobe za ki dawo na tone ta, na yanke abin da ya ruɓe, na wanke sauran, na busar, na mayar da ita ƙugiyarta a gefen tagar gabas, na gyara labulen yadda kika bar shi. Wannan tsiro yana da wani hali da ya taimaki mai laifi irina: matacciyarsa da rayayyiyarsa kusan kama ɗaya suke ga wanda bai lura ba. Ba ta faɗuwa, ba ta zubar da ganye, tana nan rataye.

Kin shigo, ko jakarki ba ki ajiye ba kika nufi taga. Kika daɗe kina dubawa.

Kika ce, “Umma, kamar ta rage yawa. Kuma launinta ya canja.”

Na ce, “Ga ta nan dai a inda kika bar ta.”

Ki duba wannan magana da kyau, Walida. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. A inda kika bar ta take. Ni da nake zama gaban mata ranar Asabar da Lahadi ina karantar da su, ina ja musu kunne a kan harshe, na ƙera magana wadda kowace kalmarta gaskiya ce, gaba ɗayanta kuma yaudara. Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ban taɓa yi miki ƙarya ba. Ke kuwa ba ki taɓa tambayata kai tsaye ko na fitar da ita ba, domin bai taɓa zuwa zuciyarki cewa zan aikata ba.

Wata biyu kina fesa wa gawa ruwa kowace safiya kafin ki tafi makaranta. Ke kika koya mini, ba tare da kin sani ba, yadda ake gane mai rai: in aka jiƙa ta takan juya kore nan take, in ta bushe ta koma toka. Kina tsoma ta cikin kwano, kina jira, ba ta juyawa. Ranar da kika haƙura ina kicin ina tuƙa tuwo. Kika tsaya a bakin ƙofa da ita a hannunki kika ce, “Umma, na gane abin da ya faru. Ranar da zan tafi na jiƙa ta sosai don kada ta wahalar da ke, ban tsaya ta bushe ba na rataye ta. Ni na ruɓar da ita.” Muciya tana hannuna. Ban juyo ba. Na ce, “Sai a kiyaye gaba.”

Kada ki auna gaskiyarki da kalmomin da suka fito daga bakinki. Ki auna ta da abin da kika bari ya zauna a zuciyar mai sauraronki. In kin san ya tafi da fahimtar da ba daidai ba, kuma kin ji daɗin hakan, to kin yi ƙarya, ko da shiru kika yi.

Da abin ya tsaya nan, da na ce ciyawa ce ta mutu, yarinya ta yi baƙin ciki ta manta. Bai tsaya ba. Bayan shekara ɗaya da rabi, ranar wata Juma'a muna cin abincin rana, Abbanki ya tambaye ki abin da kike so ki karanta a jami'a. Kika ce ilimin tsirrai. Kika fara bayani da zumuɗi, yadda ake raya shuka a ƙasar da ba ruwa, yadda za a iya kai wannan ilimi gida. Ni ina so ki karanta harhaɗa magunguna, domin ina ganin ya fi mutunci ga 'ya mace, ya fi tabbas. Ina da hujjoji na gaskiya da zan iya kawowa. Ban kawo su ba. Na ɗauki wadda ta fi kusa da hannuna na ce, “Ke da 'yar ciyawa ɗaya ta gagare ki?”

Kika yi 'yar dariya kika ce, “Gaskiya ne, Umma.” Kika ci gaba da cin abincinki. Ba ki sake ta da maganar ba, kuma da lokacin cike takardu ya zo, magunguna kika rubuta.

Na kashe abu, na bar ki da laifin, sannan na ɗauki laifin na doke ki da shi don in sami abin da nake so. Na juya wannan magana ta kowace fuska ina neman sunan da ya fi zalunci sauƙi, ban samu ba. Idan wata rana Allah Ya ba ki iko a kan wani, ɗa ne ko ɗalibi ko mai yi miki aiki, kada ki ci nasara a kansa da rauninsa. In hujjarki ba ta isa ta tsaya da ƙafarta ba, ki bar shi ya yi abin da ya zaɓa.

Bayan kwana kaɗan da maganar jami'ar nan na ce wa Abbanki ya kai ni wurin masu sayar da shuke-shuke da ke hanyar Al Wakrah. Ranar da kika jefar da furfurar na tsame ɗan guntu daga kwandon shara na ajiye cikin ambulan, ban san dalili ba. Shi na tafi da shi. A can muka sami wani dattijo Bakano, Malam Sabo, wanda ya shekara da shekaru yana aiki a wurin. Ya zazzage ambulan a tafin hannunsa, ya murza, ya shinshina.

Ya ce, “Hajiya, wannan ai ta daɗe da rasuwa. In sallah kuka kawo a yi mata, to mu daidaita sahu.”

Abbanki ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Malam Sabo ya ce, “Amma ga tabon ƙasa a jikinta. Wa ya binne ta tun tana da rai? Kuma bakinta a ƙone yake. Ta taɓa wuni a waje da bazara?”

Tambaya ce kai tsaye, irin wadda ke ba ki taɓa yi mini ba. Na ce, “Ta wuni. Kwana uku.”

Ya ce, “A Yuli?”

Na ce, “A Yuli.”

Ya ce, “Khalas, magana ta ƙare. Hajiya, ko ni aka shanya a Yuli kwana uku, sai dai a kwashe ni a ambulan irin wannan.”

A mota Abbanki ya yi ta tuƙi har muka wuce shataletale biyu. Sannan ya ce, “A Yulin nan ai Walida tana Zariya.” Na ce haka ne. Na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce, “Ba ni za ki gaya wa ba.” Bai sake yi mini maganar ba har yau, kuma bai gaya miki ba, domin yana ganin haƙƙina ne in faɗa da bakina. Kada ki riƙe shi da wannan shirun, nawa ne.

A ranar na sayi wata furfurar. Na ce wa kaina in na raya ta, na san wahalarta, zan fi iya tsayawa a gabanki. Zan rubuta miki abin da na koya cikin shekara guda, ba don ba ki sani ba, sai don ki ga cewa takardar da kika manna a firji daidai take tun daga farkonta har ƙarshenta.

Daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba ba ta da wurin zama a waje a garin nan, ko a inuwa, domin iskar kanta wuta ce. Wurinta ɗaki, kusa da tagar gabas, kamu ɗaya ko biyu daga gilashi, bayan labule mai shara-shara, inda hasken safe zai same ta a tace. Tagar yamma, wato ta wajen alƙiblarmu ta nan, ba ta yi mata ba sam, domin ranar la'asar ta gilashi tana ƙuna kamar ta waje. Esi kuma yana shanye laimar ɗaki, saboda haka da zafi ta fi bukatar feshi, kuma a nesanta ta da bakinsa.

Ko a nan sai da na sake kuskure. Saboda tsoron abin da na yi a baya, sanyi ya shigo ban fitar da ita ba. Kin san ni da labule mai kauri, kullum a sake saboda kada a hango mu daga benen maƙwabta. Na bar ta a bayansa har Disamba. Ba ta mutu ba, amma sabbin silayenta suka fito sirara, dogaye, marasa ƙarfi, kuma in na jiƙa ta sai ta wuni ba ta bushe ba. Na koma wurin Malam Sabo. Ya ce, “Da kin gasa, yanzu kuma kin kulle. Hajiya, ba ki da tsakiya ne? Yalla, maza a kai ta ƙarƙashin bishiya ta sha iska.” Na mayar da ita reshen kurnar nan, reshen da kika zaɓa tun farko. Daga Nuwamba zuwa Maris nan ne wurinta. Ranar safe ta sanyi ba ta cutar da ita har zuwa hantsi, daga nan ganyen kurna ya tace mata sauran. Ruwan sama ɗaya da aka yi a Janairu ya yi mata abin da feshina na wata uku bai yi ba. In iska ta taso da ƙura, a ɗauraye ta, domin ƙura tana toshe mata jiki. Ma'aunin da nake bi wajen shigo da ita shi ne daɓen tsakar gida: ranar da na taka shi da hantsi ba takalmi na ji ba zan iya tsayawa ba, ranar take komawa ɗaki. Bana a Afrilu hakan ta faru.

Wani abu kuma da ban taɓa lura da shi ba a shekara ashirin da na yi a ƙasar nan, sai da wannan tsiro ya tilasta mini: rana ba hanya ɗaya take bi ba. Da zafi ta saman kai take wucewa. Da sanyi takan karkata kudu, haskenta ya shigo ta tagar kudu har tsakiyar darduma. Wurin da yake inuwa a Yuni yana iya zama rana a Janairu. Wanda ya rataye ta wuri ɗaya ya ce ya gama, bai fara ba.

Tambayar Malam Sabo ta bi ni gida, domin ba a kan tsiro kaɗai ta tsaya mini ba. Na yi miki tarbiyya da tsanani, ina ganin tsanani shi ne tsoron Allah. Ban yi nadamar sallar da na tsare ki a kanta ba, ko suturar da na koya miki. Na yi nadamar cewa ma'auni ɗaya na riƙe tun kina shekara biyar har kika kai sha takwas, ban taɓa tsayawa na duba ko abin da kike bukata ya canja ba. Ki riƙe addininki da ƙarfi, amma ki riƙa duban mutumin da ke gabanki.

Furfurata ta yi kyau, kuma kyanta ya zama wata cutar da ban hango ba. Na ce miki sha'awa ce ta sa na saya. Wata safiya cikin azumin bana kika same ni ina girgiza ta bayan na tsame ta daga kwano, ta yi kore shar, ta kusa kai tsawon hannuna. Kika shafa ta da bayan yatsa kika ce, “Kin gani, Umma? Hannu ne. Naki yana raya abu. Ni Allah Ya taimake ni da ban je na ɓata shekara huɗu ba.” Kika faɗa ba da ɗaci ba, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. Abin da na saya don in wanke ki, shi ya zama shaida a kanki.

A ranar, bayan sallar la'asar, ban tashi daga kan sallaya ba sai da na ɗaukar wa Allah alwashi: kafin ki bar gidan nan zan zaunar da ke, in dube ki, in gaya miki duk wannan da bakina. Na ambaci baki musamman, domin na san halina, na san zan nemi hanya mai sauƙi.

Ke 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, sai wannan laƙabi na Walida, ban taɓa rungumarki a gaban mutane ba, haka aka yi mini, haka na tarar ana yi. Kunya ce mai kyau, ban ce a bar ta ba. Amma na mayar da ita maɓoya. Duk ranar da na yi niyya sai in ce ai ba a san uwa da zama gaban 'yar fari tana irin wannan magana ba. Al'ada ta ce kada in kira sunanki. Ba ta ce in zalunce ki in yi shiru ba.

Sau uku na yi yunƙuri. Na farko a Corniche, bakin teku, da yamma, Abbanki ya yi gaba da gangan ya bar mu a kan benci muna kallon jiragen ruwa na katako. Na ce, “Walida, akwai maganar da nake so mu yi.” Kika juyo gaba ɗaya kika ce, “To, Umma.” Na ce ki riƙa tafasa ruwan sha a Zariya. Na biyu muna shirya akwatinki, ina ninke miki hijabai, na buɗe baki, kika ce, “Umma, kin yi shiru da yawa, ko kewata kika fara tun yanzu?” Na ce ki miƙo mini wancan hijabin. Na uku shekaranjiya a filin jirgi. Abbanki ya dube ni, na san abin da kallon yake nufi. Kika durƙusa kika ce in yafe miki duk abin da kika yi mini. Ke kika nemi gafarata. Na ce na yafe, ki riƙe sallah a kan lokaci. Kika shige.

Ga abin da ya rage, kuma shi ya sa ban jira hutu ba, na ba matar wani abokin aikin Abbanki da za ta zo Zariya wannan takarda ta taho miki da ita jibi. Abbanki ya bincika, an ce masa ana iya neman canjin fanni a makonnin farko, kafin a rufe rajista. Ya ce duk abin da kika zaɓa zai sa hannu. Ban ce ki canja ba. Wataƙila kin riga kin so magunguna, wataƙila su ne alheri. Abin da nake cewa shi ne, hujjar da aka yanke wannan shawara a kanta ƙarya ce, kuma ni na ƙirƙire ta. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta raya tsiron ƙasashen laima a tsakiyar hamada wata shida, ta san lokacin fitar da shi da lokacin shigo da shi ba tare da kowa ya koya mata ba. Ni da shekara arba'in da takwas sai da na kashe ɗaya, na kusa kashe na biyu, kafin in kai inda kika fara. Ki yi istihara, ki yi shawara da Gwaggonki, ki zaɓa da wannan sanin. In kin yi fushi da ni, kina da gaskiya, kuma ba sai kin gaggauta yafewa don ni mahaifiyarki ce ba. Yafewar da kika nema a filin jirgi ni ya kamata in nema, kuma ina nema yanzu.

Allah Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya tsare miki imaninki da mutuncinki da lafiyarki. Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye masu gaskiya, Ya nesanta ki da sharrin mutum da aljan. Ya sanya albarka a hannunki, Ya ba ki ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da sauƙin faɗa. Amin.

Game da alwashin kuwa, zan yi kaffararsa, amma kaffara tsakanina da Ubangijina ce, ba ta biya ki komai ba. Na yi alkawarin zan faɗa miki da bakina, ina kallon idonki, kafin ki bar gidan nan. Kin bar gidan. Ban cika ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki